Kameliya, 'yar'uwar shayi: yadda furen hunturu ya wayi gari da sunan baƙo

A ƙasashen da hunturu ke zuwa da dusar ƙanƙara, lambu yakan yi tsit daga Disamba har zuwa Maris. Itatuwa su kaɗe ganye su bar rassa tsirara, ciyawa ta kwanta, ƙudan zuma su shige amya su lafe. A daidai wannan lokaci ne wata 'yar bishiya take buɗe furanni manya-manya, wasu faɗinsu ya kai tafin hannu, ja wur, ko fari fat, ko ruwan hoda, a bisa ganye mai kauri da ƙyalli wanda ba ya kaɗewa duk shekara. Masu lambu a duniya suna kiran ta kameliya, a littattafan ilimin tsirrai kuma an rubuta ta Camellia japonica. Wanda ya san halin gawo, da ke yin ganye da rani ya kaɗe da damina, ba zai yi mamakin itacen da ya saɓa wa 'yan'uwansa lokaci ba.

Wannan saɓani yana da dalili. Ta daji, wadda ke fitowa da kanta a gaɓar tekun Japan da kudancin Koriya da wasu sassan ƙasar Sin, furenta ja ne mai kunnuwa biyar zuwa bakwai da suka haɗe a gindi, a tsakiya kuma ga tarin zare masu kai rawaya sun tsaya a zagaye. Da sanyi ƙwari ba sa yawo, don haka tsuntsaye ne ke kai mata garin fure daga wannan zuwa wancan, musamman wani ɗan ƙaramin tsuntsu kore mai farin zobe a ido da Japanawa ke kira mejiro. Tsuntsu ido yake bi, ba hanci ba. Shi ya sa furen ya yi ja, ya tara ruwan zaƙi a gindinsa, ya yi ƙarfin da zai ɗauki ƙafar tsuntsu, amma yawancinsa ba shi da ƙanshi ko kaɗan. Idan ya gama kwanakinsa kuma ba ya zubar da kunnuwa ɗaya-ɗaya. Gaba ɗayansa yake ɓallewa ya faɗo tim, har gindin bishiyar ya yi ja. Ƙullutun furen kuwa tun ƙarshen lokacin zafi take ɗaura su, shi ya sa idan ta sha ƙishirwa a Agusta, sai a Fabrairu mai lambu zai ga sakamakon, ƙullutu suna zubewa ba su buɗe ba.

A gida tana da sunayenta tun fil azal. Japanawa suna ce mata tsubaki, kuma sunan yana cikin waƙoƙinsu da aka tattara tun ƙarni na 8. Koriyawa suna ce mata dongbaek. Sinawa suna cewa shancha, ma'ana shayin dutse, ko chahua, furen shayi. Ba don ado kaɗai aka riƙe ta ba. 'Ya'yanta masu taurin ɓawo suna ba da mai wanda matan Japan suka daɗe suna gyaran gashi da shi, kafintoci suna shafa wa kayan aikinsu don kada su yi tsatsa, kuma har gobe tsibiran Goto da Izu suna tatsar sa. A ƙasar Sin wata 'yar'uwarta, Camellia oleifera, ita ce man girkin mutane da yawa a lardunan Hunan da Jiangxi. A zamanin da gidan Tokugawa ke mulkin Japan, daga 1603 zuwa 1868, tara irin tsubaki ya zama abin gasa tsakanin manya. Shugaba na biyu daga wannan gida, Hidetada, ya cika lambunsa na birnin Edo da ita, kuma a 1630 wani malamin addinin Buda ya rubuta littafi yana bayanin iri ɗari, kowanne da kamanninsa. A lura da shekarar nan, domin mutumin da itacen ke ɗauke da sunansa yau sai bayan shekara 31 aka haife shi.

Shi ne Georg Joseph Kamel. An haife shi a 1661 a Brno, birnin da ke cikin Jamhuriyar Cek a yanzu. Ya koyi harhaɗa magunguna, ya shiga ƙungiyar Jesuit ta cocin Katolika a 1682, ba a matsayin fada ba, a matsayin ɗan'uwa mai hidima da sana'arsa. A 1688 ya sauka Manila, babban birnin tsibiran Filifin da ke hannun Sifaniya a lokacin, kuma bai sake ganin gida ba. Ya buɗe ɗakin magani a kwalejin ƙungiyarsu, yana ba talakawa magani kyauta, ya kafa lambun tsirran magani, ya dinga zana itatuwa da tsuntsaye da ƙwarin ƙasar yana rubuta amfaninsu tare da sunayen da 'yan ƙasa ke kiran su. Takardunsa suna bin jiragen 'yan kasuwa ta Madras da Batabiya har su kai Ingila wurin masanan tsirrai John Ray da James Petiver. Ray ya buga bayanin Kamel kan tsirran tsibirin Luzon a ƙarshen juzu'i na uku na babban littafinsa a 1704. Shekara biyu bayan haka, a 1706, ciwon ciki ya kashe Kamel a Manila yana da shekara 45.

Mutumin kirki ne, kuma ya yi aikin da ya cancanci a tuna da shi. Sai dai aikinsa na tsirran Filifin ne. Japan bai taɓa taka ta ba, ba ma zai iya ba, domin tun 1614 mahukuntan ƙasar suka kori masu wa'azin Katolika suka rufe musu ƙofa. Baturen da ya ga tsubaki a gidanta ya bayyana ta dalla-dalla wani ne daban, Engelbert Kaempfer, likita Bajamushe da ya yi wa kamfanin cinikin Holan aiki a Dejima, ɗan tsibirin da aka keɓe wa baƙi a tashar Nagasaki, daga 1690 zuwa 1692. A littafinsa na 1712 ya kawo zanenta, ya kuma rubuta sunanta yadda ya ji a bakin masu ita: tsubaki.

To, ina sunan ya ɓace? Ya ɓace ne a hannun Carl Linnaeus, masani ɗan Suwidin, wanda ya tsara hanyar ba kowane tsiro suna biyu da Latin, na dangi da na kansa. Linnaeus yana da ƙa'ida rubutacciya cewa sunan dangi da bai fito daga Latin ko Girkanci ba a yi watsi da shi, kuma yana da al'adar karrama masana da suka gabace shi ta hanyar liƙa sunayensu a kan tsirrai. Kaempfer ya ba shi wani dangin citta, Kaempferia. Tsubaki kuma ya ba Kamel, wanda ake rubuta sunansa Camellus da Latin, daga nan ne harafin l ya zama biyu. Sunan ya zauna daram a littafinsa na 1753, wanda daga kansa ne masana suke fara lissafin sunayen tsirrai har yau. Shi kansa Linnaeus a lokacin daga littafin Kaempfer ya san itacen.

Wannan ɗabi'a ba ta bar mu a baya ba. Ɗorawa da muke daddawa da kalwarta, a littafi Parkia ce, don girmama Mungo Park, kuma an buga sunan ne a 1826 a ƙarshen littafin tafiyar Denham da Clapperton, wannan Clapperton ɗin da ya zo Kano ya kuma gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato. Kuka kuma Adansonia ce, da sunan Bafaranshen da ya bayyana ta a Senegal. Abin da sunan Latin ke gaya maka shi ne wanda ya fara rubuta itacen a harshen da masanan Turai ke karantawa, ko wanda marubucin ya so ya karrama. Ba ya gaya maka wanda ya san itacen.

Inda labarin ya fi ɗaurewa shi ne wajen shayi. Turawan ƙarni na 18 ba fure suke nema a ƙasar Sin ba, shayi suke nema, domin azurfarsu tana ta kwarara zuwa Kanton wajen sayen ganyen, suna kuma burin su samu itacen su shuka da kansu. Ganyen itacen shayi da na kameliya sun yi kama ƙwarai, ga sunayensu da Sinanci duk da kalmar cha a ciki. Tun wajen 1700 wani likitan kamfanin Ingila mai ciniki da ƙasashen Gabas, James Cunningham, ya aiko wa Petiver busasshen reshen kameliya daga gaɓar Sin, Petiver kuwa ya buga shi a 1702 a matsayin wani irin shayi mai jan fure. Linnaeus ma abin ya faɗa masa: an kawo masa itatuwa daga Sin a kan cewa shayi ne, aka yi ta renon su, da suka yi fure sai ga kameliya. Sai a 1763 wani kyaftin ɗin jirgi, Carl Gustaf Ekeberg, ya iso masa da shayi na gaske mai rai, ta hanyar shuka iri a tukwane a cikin jirgi ya tsiro a hanya. Ana yawan cewa 'yan kasuwar Sin da gangan suke musanya itatuwan don kare sirrin cinikinsu. Ko ba da gangan ba, baƙon da bai iya harshe ba, wanda kuma ba a bari ya wuce bakin tasha, ruɗuwa ba ta yi masa wuya.

Linnaeus ya raba su dangi biyu: Camellia da Thea. Daga baya ma ya ƙara raba shayin gida biyu, yana zaton baƙin shayi da koren shayi daga itatuwa daban suke fitowa. Wannan kuskure ya yi shekaru kusan 80 a littattafai, har sai da Robert Fortune, ɗan Sikotilan, ya shiga gonakin Sin a shekarun 1840 ya ga da idonsa cewa ganye ɗaya ne, bambancin a wajen sarrafawa yake: wanda aka bari ya sha iska bayan an murza shi ya yi baƙi, wanda aka yi maza aka gasa ya zauna kore. Wannan Fortune ɗin ne kamfanin Ingila ya sake turawa a 1848, ya yi shigar Sinawa ya kutsa yankunan da aka hana baƙi, ya kwashe dubban 'ya'yan itacen shayi zuwa Indiya a cikin akwatunan gilashi, har da ƙwararrun masu sarrafa ganyen. Sata ce, ko da wane suna aka kira ta.

Masana sun zo sun gane cewa dangin biyu ɗaya ne. Da yake an haife su a littafi ɗaya a shekara ɗaya, babu wanda ya girmi wani, sai zaɓin wanda ya fara haɗa su ya zama hukunci. Robert Sweet ne ya yi haka a 1818, ya zaɓi Camellia, a 1887 kuma Otto Kuntze ya daidaita sunan shayi ya zama Camellia sinensis. Ke nan ganyen da mai shayi ke zubawa a tukunya kowace safiya a Kano, da koren da ake dafawa a 'yar buta kan gawayi a Agadas, da wanda ake nomawa a Kakara a tsaunin Mambila, duk sunan mai maganin Manila suke ɗauke da shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, dangantakar da ta ɗauki masanan Turai fiye da ƙarni guda suna kai da komo a kanta, manomin Sin ya daɗe da faɗar ta a cikin sunan da yake kiran furen, shayin dutse. Da an saurare shi da an huta.

Rashin sauraron nan ya sake fitowa wajen reno. Kameliya mai rai ta fara fure a Ingila a 1739, a gidan Lord Petre da ke Thorndon a yankin Essex. Da yake daga Gabas ta zo, sai aka ɗauka itacen ƙasar zafi ce, aka sa ta a ɗakin gilashi mai murhu tare da abarba. Alhali a gidanta dusar ƙanƙara takan sauka a kan furenta ta narke, ba abin da ya same ta. Abin da take so shi ne ƙasa mai ɗan tsami wadda ba ta da alli, da inuwar manyan itatuwa, da danshi. Abin da ke ɓata mata fure kuma shi ne hantsi ya doke shi yana daskare. Amma da zarar abu ya zama na ɗakin gilashi, ya zama na masu kuɗi, tsadarsa kuma ta ƙara masa farin jini. A 1792 jirgin kamfani ya kawo wata fara mai kunnuwa jere-jere da aka sa wa suna Alba Plena, daga nan kasuwa ta buɗe. A 1804 John Middlemist ya kawo wata mai ruwan hoda mai duhu daga Sin, wadda yau biyu kacal aka sani sun rage da sunansa, ɗaya a gidan Chiswick a Landan, ɗaya a Waitangi a ƙasar Niyu Zilan. A 1820 Kyaftin Richard Rawes ya kawo wata mai fure ƙato, aka sa mata Camellia reticulata a 1827 kamar an gano sabon tsiron daji, alhali iri ce da masu lambun Sin suka daɗe da gyarawa. A lardin Yunan akwai irinta a harabar wuraren ibada da suka shekara ɗaruruwa.

Wadda ta fi nuna irin hidimar da Turai ta yi wa wannan itace tana Pillnitz, kusa da Dresden a Jamus. An dasa ta a fili a 1801, kuma da yake sanyin can ya fi na Ingila tsanani, kowace shekara sai a kafa mata ɗakin katako a hura wuta. A Janairun 1905 ɗakin ya kama da gobara. Sanyin ranar ya kai ruwan da aka watsa don kashe wutar ya daskare ya lulluɓe bishiyar, ƙanƙarar ta kare ta, da bazara ta sake toho. Yau tsayinta ya kusa mita 9, tana yin furanni dubbai tsakanin Fabrairu da Afrilu, kuma tun 1992 ɗakinta na gilashi ne a kan dogo: a turo shi ya rufe ta da sanyi, a janye shi gefe idan gari ya yi ɗumi.

A tsakiyar ƙarni na 19 kameliya ta zama furen 'yan gayun Paris, ana maƙala ta a ƙirjin kwat ana shiga gidan rawa. Masu renon itatuwa a Beljiyam da Italiya suka fitar da ɗaruruwan iri, littafin Alexandre Dumas ƙarami na 1848 kan wata mace da aka sani da riƙe wannan fure ya ƙara mata suna. Sannan yayi ya wuce, masu kuɗi suka koma wa wasu furanni. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye ma'aikatan lambu da kwal ɗin hura murhu, ɗakunan gilashi da yawa suka lalace, kuma a cikin kangayensu ne mutane suka ga kameliya tana nan da ranta, gilashi ya farfashe, ba wuta ba mai ban ruwa, tana fure abinta.

Siyasa ma ta ara ta, kuma kowa da abin da ya ɗora mata. A Barazil, a shekarun 1880, bayi da suka gudu suna noma ta a wata gona a Leblon, a birnin Rio de Janeiro, masu yaƙi da bauta kuma suna maƙala ta don su gane juna, har zuwa ranar 13 ga Mayu 1888 da Gimbiya Isabel ta sa hannu a dokar 'yanta bayi. A Niyu Zilan a 1893 mata suka raba farar kameliya ga 'yan majalisar da suka goyi bayan ba su 'yancin zaɓe, furen yana kan takardar dala 10 ta ƙasar tare da hoton Kate Sheppard, jagorar wannan gwagwarmaya. Amma a Luwiziyana ta Amurka, a 1867, wata ƙungiyar fararen fata da ke ta'addanci kan baƙaƙen da aka 'yanta da sunan farar kameliya ta kira kanta. A tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu kuwa, jan dongbaek da ke faɗowa gaba ɗayansa shi ne alamar tunawa da dubban mutanen da aka kashe a rikicin da ya fara a 1948.

Dawowarta lambun talaka a Turai ta biyo ta Yunan ne. George Forrest, mai yawon tattara tsirrai, ya aiko da irin wata ta daji, Camellia saluenensis, ga J. C. Williams na Caerhays a yankin Cornwall na Ingila, shi kuma a shekarun 1920 ya haɗa ta da ta Japan. 'Ya'yan da aka samu suna jure sanyi, suna fure da yawa ko da rana ta yi ƙaranci, suna kuma zubar da mataccen fure maimakon ya bushe a reshe. Aka sa musu williamsii, wani sunan Bature ke nan a kan jinin Sin da Japan, sai dai wannan karon mai sunan da hannunsa ya yi aikin.

Yanzu ana ta muhawara kan irin waɗannan sunaye. A taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Madrid a Yulin 2024, an kaɗa ƙuri'a aka sauya sunayen tsirrai fiye da 200 masu ɗauke da kalmar caffra, wadda ta samo asali daga kafiri, Turawan Afirka ta Kudu kuma suka mai da ita zagi ga baƙar fata. An gyara rubutun ya koma yana nufin Afirka. Sunayen mutane kuwa, har da na waɗanda suka ci ribar cinikin bayi, taron bai taɓa su ba, sai kwamitin da aka kafa don duba sababbin sunaye daga 2026. A ganina gyaran farko daidai ne, kuma ya ma makara. Amma ba na cikin masu son a tuɓe wa kameliya sunan Kamel. Amfanin sunan Latin shi ne ya tsaya wuri ɗaya, yadda masani a Zariya da na Tokyo za su san itace ɗaya suke magana a kai, kuma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ba marasa hali magani, yana rubuta sunayen tsirrai da harshen masu su, ba shi ne ya kamata a fara kora ba.

Inda zaluncin ya fi fitowa fili, inda kuma gyara yake yiwuwa, shi ne sunayen ire-iren da mutane suka ƙirƙira da hannunsu. Waɗannan ba daji ya yi su ba. Wani mai lambu ne ya zaɓa, ya yi musu aure, ya rene su shekara da shekaru, ya raɗa musu suna. Lokacin da likita Philipp Franz von Siebold ya iso Beljiyam a 1830 da itatuwan da ya kwaso daga Japan, wata ja mai ɗigon fari da ake kira Masayoshi ta koma Donckelarii, da sunan mai lambun da ya rene ta a can. Otome, wato budurwa, wani gidan renon itatuwa a Dresden ya mai da ita Frau Minna Seidel, a Amurka kuma ta zama Pink Perfection. Hikarugenji ta zama Herme a Jamus, Jordan's Pride a kudancin Amurka. Hagoromo, rigar gashin tsuntsu ta tatsuniyarsu, ta zama Magnoliiflora a Italiya. Iri ɗaya sai ya yi suna uku ko huɗu, mai saye ya biya kuɗi sau biyu a kan abu guda, sunan wanda ya sha wahalar kuma ya ɓata. Ƙungiyar masu kameliya ta duniya, da aka kafa a 1962, ta ɗauki shekaru tana warware wannan ƙulli, ta fitar da babban kundin rajista a 1993 mai ɗauke da dubun-dubatar sunaye, bisa ƙa'idar cewa sunan da ya riga shi ne na gaskiya. Da wannan ƙa'ida Masayoshi da Hagoromo da Hikarugenji suka dawo kan matsayinsu a rubuce. A wuraren sayar da itatuwa kuwa canjin yana tafiya a hankali, domin mai sayarwa sunan da abokin cinikinsa ya saba da shi yake rubutawa a jikin tukunya, kuma har yanzu da yawa Donckelarii suke rubutawa.